Zuwa ga Edita: Tsakuwar da kamiyo ke watsawa

Assalamu alaikum Malam Edita, ina gaisuwa da fatan kai da abokan aikinka kuna lahiya, ya aiki ya haƙuri da mu masu karatu. Ni malamin fizik ne a wani lise nan garin Tawa, na jima ina riƙe da alli, kuma na jima ina son in rubuto maku wagga wasiƙa sai aikin gyaran kaye ya hana, yau dai na ce ko dare zai raba sai na gama ta.

Abin da ke damuna shi ne duk lokacin da anka yi maganar uraniyum a ƙasar nan, a jarida ko a rediyo ko a fada wajen shan shayi, maganar kuɗi ce da siyasa, wa ya ci wa bai ci ba. Wannan magana ce mai muhimmanci ban musa ba. Amma tun 1971 ake haƙo uraniyum a Arlit, mahaƙar Akouta ta yi aiki daga 1978 har anka rufe ta a watan Maris 2021, hanyar da ake kira hanyar uraniyum daga nan Tawa ta tashi, mun girma muna ganin kamiyo suna wucewa, kuma har yau da wuya ka samu wanda zai gaya maka da Hausa mi hasken nan da ba a gani, wanda uraniyum ke fitarwa, yake yi in ya shiga jikin mutum. Tsoro kawai muke, ko kuma mu yi ko oho, duka biyun kuwa rashin sani ne ke kawo su.

Bara na raka gwaggona Yamai, an gano tana da kansar mama, bayan aiki likitoci sunka ce sai an yi mata gashi da haske. Alhamdu lillahi tun 2021 muna da wannan a cibiyar yaƙi da kansa ta Yamai, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya, da can sai mai hali ya fita waje. Ranar farko sun zana mata layuka a fata da alƙalami, sun ce kar ta wanke wurin, ta kama hannuna a benci ta ce ɗana wuta ce za su sa mani ko? Don a garinmu abin da ake cewa kenan, wai ƙona mutum ake. Ta shiga, ba a jima ba ta fito tana gyara mayafi, ta ce mani ai ba su yi mani komi ba, na kwanta, ƙarfe ya zagaya, sunka ce tashi. Ta fara shakkar ko an yi maganin ma. Daren nan a masauki na ɗauki takarda na yi lissafi don in kwantar mata da hankali, ni ma in kwantar da nawa.

Ga lissafin. Abin da ake ba mara lahiya a zama ɗaya galibi gire 2 ne, gire ɗaya kuwa jul ɗaya ne na makamashi cikin kilo ɗaya na nama. In ka mayar da gire 2 zuwa zafi, bai ɗaga zafin wurin da ko kashi ɗaya cikin dubu na digiri ɗaya ba. Kurɓin shayi ɗaya mai zafi ya fi shi sa wa jiki ɗumi nesa ba kusa ba. Ke nan ba ƙuna ba ce irin ta garwashi, ko da daga baya fatar kan yi duhu ta yi ciwo, wannan ƙwayoyin fata ne sunka ji jiki. To in makamashin kaɗan ne haka, mi ke kashe ƙwayar kansa? Amsar tana ga inda makamashin ya sauka da yadda ya taru a ɗan wuri ƙanƙane, kuma masu kai shi wurin su ne elektron, wato ƴan mitsi-mitsin abubuwa masu cajin lantarki da ke cikin kowane atom, shi kuma atom shi ne ɗan ƙanƙanin tubalin da komi ya ginu da shi.

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Abalak wurin da gudron ya ci ya san abin da zan faɗa. Babban kamiyo ya taho a guje, bai taɓa motarku ba, ya wuce abinshi, amma sai ka ji ƙas, gilashin gaba ya tsage. Tsakuwar da tayarshi ta watso ce ta yi ɓarnar. Haka iyon yake, wato atom da anka cire ma elektron anka bar shi da cajin lantarki, kamar furoton ko karbon da ake harbawa a wasu asibitoci, ko alfa wanda uraniyum ke fitarwa. In ya shiga nama a guje kusan miƙe yake tafiya don yana da nauyi, furoton kaɗai ya ninka elektron nauyi kusan sau 1836, kuma duk ƙwayar ruwan da ya gifta yana fizgo elektron ɗinta da ƙarfin cajinshi ya wurga shi gefe. Waɗannan da anka fizgo su ake kira elektron na biyu, kuma kaso mafi yawa na makamashin da iyon ya zubar su ke ɗauke da shi. Kowane kuma in yana da ƙarfi sai ya je ya fizgo wasu, waɗancan su fizgo wasu, tsakuwa na bugun tsakuwa har ƙarfin ya ƙare. Elektron-volt awo ne na ɗan ƙanƙanin makamashi, kusan elektron-volt 30 ake kashewa kan kowane elektron da anka fizgo, ke nan furoton ɗaya mai elektron-volt miliyan 200, wanda ke ratsa kusan santimita 26 na ruwa kafin ya tsaya, zai bar elektron sama da miliyan 6 a bayanshi. Mafi yawansu raunana ne, ƴan nanomita kawai suke tafiya su tsaya, nanomita kuwa ka raba milimita ɗaya gida miliyan. Ƴan kaɗan ne ke samun bugu mai ƙarfi su yi nisa, su anka sa ma suna hasken delta.

Ko na'urar kobalt irin wadda anka fara da ita Yamai, wadda wani haske mai ratsa jiki da ake kira gama take fitarwa ba iyon ba, a ƙarshe elektron ne ke aikin. Hasken ya bugi elektron, elektron ya shiga ɓarna. Bambancin yana ga yadda ɓarnar ta watsu.

Akwai inda misalin kamiyo bai kai ba, dole in faɗa don kar in ɓatar da mai karatu. Kamiyo in ya rage gudu tsakuwa raguwa take, shi iyon akasin haka ne, sa'adda ya rage gudu ne ya fi fizga. A aji maganaɗisu nake ɗauka da ƙananan ƙusoshi in baza su kan tebur, in wuce da shi fuu a sama da sauri, ɗaya biyu su motsa, sannan in wuce a hankali, sai ka ga sun yi tsalle sun manne duka, don ya samu lokacin jan kowace. To iyon yana shiga da gudu yana zubar da kaɗan kaɗan, yana raguwa zubarwar na ƙaruwa, dab da zai tsaya sai ya juye sauran gaba ɗaya, bayan nan shiru. William Henry Bragg ne ya ga wannan a 1904 a Adelaide ta Ostareliya yana gwaji da alfa, shi ya sa ake kiran wurin ƙololuwar Bragg, Hans Bethe kuma ya kawo lissafin a 1930. A 1946 wani masanin fizik na Amurka Robert Wilson ya ce to mi zai hana a daidaita gudun furoton yadda ƙololuwar za ta faɗa daidai cikin ƙarin da ke cikin jiki, naman da ke gaba ya sha kaɗan, na baya kuma ya tsira. An fara gwadawa kan mutane a Berkeley a 1954. Japan ta fara da karbon a Chiba a 1994, Jamus a Darmstadt a 1997 sannan Heidelberg a 2009, Faransa na da furoton a Orsay da Nice tun 1991. Nan Afirka ma Afirka ta Kudu ta fara da furoton a 1993 kusa da Cape Town.

Yanzu ga inda abin ya fi jan hankalina. Zaren gado da ke cikin kowace ƙwayar jikinmu, wanda ake kira ADN, igiya biyu ce a murɗe, kaurinta nanomita 2 kacal. In igiya ɗaya ta tsinke ƙwayar na gyara ta ba wahala don tana duba ɗayar ta kwafa, kullum ma tana wannan aikin. In biyun sunka tsinke wuri ɗaya abin ya yi wuya, in kuma an samu tsinkewa uku huɗu a cunkushe cikin ƴan nanomita, to gyara ya gagara ko kuma a gyara ba daidai ba. Hasken gama yana watsa bugunshi nan da can kamar yayyafi. Karbon cajinshi 6 ne, kuma ƙarfin fizgar yana tafiya da caji sau caji, wato a gudu ɗaya ya ninka furoton sau 36, sai ya bar layi mai cunkoson elektron kamar an zuba ruwa da bakin buta wuri ɗaya. Awon makamashin yana iya zama ɗaya, gire 2 nan gire 2 can, amma kisan da karbon ke yi wa ƙwayoyi kusa da ƙarshen tafiyarshi ya kan ninka na hasken gama sau 2 zuwa 3. Furoton kuwa a asibitoci 1.1 ake lissafa mishi. Kuma ba duka bugun ke samun zaren kai tsaye ba, jikinmu yawanci ruwa ne, elektron kan fasa ƙwayar ruwa ta zama wani guntu mai cin duk abin da ya taɓa, shi kuma ya je ya ci zaren.

Wannan fa ba maganar asibitin Turai ba ce kaɗai, maganar Arlit ce. Uraniyum a hankali yake rikiɗa ya zama wasu abubuwa, cikin waɗannan jikokin nashi akwai iskar radon, wadda ba ta da wari ba ta da launi, rabinta kan rikiɗe cikin kwana 3.8, ita da ɗiyanta suna fitar da alfa. Alfa a waje ba abin tsoro ba ne sosai, takarda ɗaya na tare shi, busasshiyar fatar sama ma na tare shi. Amma in an shaƙa ya zauna cikin huhu, duk ƙarfinshi na sama da elektron-volt miliyan 5 zai juye shi cikin tazarar da ba ta wuce kaurin gashin kai ɗaya ba, elektron sama da 150,000 cikin ƴan ƙwayoyi. Shi ya sa a lissafin kariya ake ninka awon alfa sau 20, kuma hukumar lahiya ta duniya ta sa radon a matsayi na biyu bayan taba wajen haddasa kansar huhu. Mai aikin rami da ya san wannan ya san dalilin da ya sa iskar da ake hurawa cikin rami da abin rufe hanci ba wasa ba ne, kuma ya san abin da ya kamata ya ji tsoro da abin da bai kamata ba.

To ta yaya anka san duk wannan tunda ba mai iya ganin elektron ɗaya na yawo cikin nama? Gwaji da lissafi ne ke haɗuwa. A 1967 Robert Katz da abokin aikinshi Butts sunka kawo wata hanya mai sauƙi, sunka ce mu ɗauki hanyar iyon kamar sanda, mu lissafa makamashin da elektron ke kaiwa a kowace tazara daga sandar, sai ya fito cewa yana raguwa da tazara sau tazara, in ka ninka nisa biyu awon ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Tsakiya wuta, gefe yayyafi. Hanyar na da kyau kuma har yau ana gina abubuwa kanta, amma matsakaici take bayarwa, kamar a ce maka damina ta yi kyau a jihar Tawa alhali gonarka ba ta samu ba. Zaren ADN ba matsakaici yake ji ba, ko an buge shi ko ba a buge shi ba.

Hanya ta biyu ita ce a bi elektron ɗaya bayan ɗaya cikin kwamfuta. Ana kiranta Monte Karlo, Stanislaw Ulam da John von Neumann sunka fara ta a Los Alamos cikin shekarun 1940, sunan na wani gari ne na Monako da ya yi suna da gidan caca amma aikin ba caca ba ne, ƙuri'a ce ake jefawa bisa awon da anka riga anka sani. Na gwada ta da ɗalibaina na tarminal a filin makaranta da ƙwarya da tsakuwa fari da baƙi. Yaro ɗaya ne iyon, yana tafiya kan layin da munka ja a ƙasa, duk taki ɗaya sai ya sa hannu cikin ƙwarya ido rufe, in fara ta fito ya wuce, in baƙa ta fito ya fizgo elektron, sai wani yaro ya fito daga nan ya ja tashi ƙuri'ar, taki nawa zai yi kuma wane gefe, duk inda anka yi bugu mu aje marfin kwalba. Yana matsowa ƙarshen layi ina ƙara baƙaƙe cikin ƙwaryar. Da munka maimaita sau da yawa munka hau baranda munka duba ƙasa, wallahi sai ga hoton ya fito, farko marafe jefi jefi, ƙarshe sun taru kamar an zube buhu, ga ƴan rassa sun fita gefe. Wata yarinya da ba ta cika magana a aji ba ta ce mushe to in an aje zare a nan ƙarshen ai ba zai tsira ba. Ban gaya mata ba, da idonta ta gani.

Abin da kwamfuta ke yi kenan, sai dai ita sau miliyoyi take yi, kuma maimakon tsakuwa tana da jadawalin yiwuwar kowane irin karo a kowane ƙarfi. Akwai manhaja mai suna Geant4 da ta fito daga cibiyar CERN ta Janeba a 1998, da reshenta Geant4-DNA wanda ke bin elektron cikin ruwa karo bayan karo har ƙarfinshi ya sauko kusan elektron-volt 10. Kyauta ce, kowa na iya sauke ta daga intanet. Aikin na da nauyi, shi ya sa in ana lissafin jikin mutum gaba ɗaya ake dunƙule karo da yawa a taki ɗaya, sai an zo girman ƙwaya ake bi ɗaya ɗaya.

Kuma aikin bai ƙare ba, nan ne nake son matasanmu su saurara. Auna yadda elektron mai rauni ke karo cikin ruwa mai gudana abu ne mai wuyar gaske, yawancin awon daga tururi ko ƙanƙara anka samo shi ko daga lissafi, shi ya sa manhajoji daban daban in an sauko ƙasa da elektron-volt 100 amsarsu kan bambanta, wurin da kuma mafi yawan elektron ɗin suke. An daɗe ana zaton wanda ƙarfinshi bai kai ya fizgo wani ba ya gama aiki, sai a 2000 ƙungiyar Léon Sanche a Sherbrooke ta Kanada ta nuna cewa elektron mai rauni sosai na iya manne wa zaren na ɗan lokaci ya tsinka shi. Ko a asibitocin karbon, Jamus na da tsarin lissafinta Japan na da nata, in ka ba su haske iri ɗaya lambar da za su fitar ba ɗaya ba ce, sai an yi juyi kafin likitocinsu su fahimci juna. Wato ƙofa a buɗe take.

Na san abin da wasu za su ce, na ji shi a ɗakin malamai. Ƙasar da mace ke zuwa likita sai ƙari ya fashe, ƙasar da kuran ke ɗaukewa ana tsakar darasi, ina ita ina karbon? Gaskiya ne, na'urar karbon ba tamu ba ce yanzu, ƙasashe ƙalilan ke da ita, kuma in da kuɗi a hannu gwajin gano cuta da wuri da ƙarin na'urori na yau da kullum a jihohi sun fi gaggawa, ni da na kwana a benci da gwaggona ba sai an gaya mani ba. Amma lissafin da nake magana ba ya bukatar na'urar, kwamfuta yake so da kai mai fizik da haƙuri. Kuma wanda ya iya shi shi ne dai wanda zai iya duba awon na'urar Yamai ya tabbatar gire 2 ne ke shiga ba 3 ba, shi ne zai iya auna radon a rami ko a ɗakin kwana ya faɗi ma'anar lambar, ba sai mun jira wani ya zo daga waje ya auna ya tahi da sakamakon ya gaya mana abin da ya ga dama ba. Abdou Moumouni Dioffo ɗan Tasawa ne, masanin fizik, ya dubi ranar da ke dukanmu ya ce a kanta zan yi aiki, yau sunanshi jami'ar Yamai ke ɗauke da shi, kuma cikin jami'ar nan akwai cibiyar nazarin radiyo-izotof, wato abubuwan da ke fitar da irin wannan haske. Tushen yana nan. Abin da nake roƙon malaman can da na jami'armu ta Tawa shi ne su riƙa ba ɗaliban mastar irin wanga aiki, ko da bin sawun alfa ɗaya ne cikin ƙwayar huhu, su kuma hukumomi su taimaka da ɗaki ɗaya mai kwamfutoci da sola.

Kai kuma Malam Edita roƙona gare ka ƙarami ne. Ka ware ko rabin shafi ne a wata don irin waɗannan bayanai da Hausa, ka gayyaci likitocin gashi da masu fizik na asibiti su rubuto, mu masu karatu mu yi gardama kan kalmomin, ni na ce elektron na biyu wani ya kawo wadda ta fi, har mu samu waɗanda za su zauna a baki. Ni a shirye nake in aiko da zanen wasan ƙwarya don malaman da ke son gwadawa, ba ya cin ko dala.

Gwaggo ta gama zamanta duka ta dawo gida, fatar wurin ta yi duhu tana warkewa a hankali, muna komawa kontorol in lokaci ya yi. Ranar da maƙwabciyarta ta zo dubiya tana tambaya ko da gaske ƙona mutum ake, ina daga zaure na ji gwaggo na ce mata a'a, wasu ƴan tsakuwa ne da ido ba ya gani ake watsa ma ciwon, ki je a duba ki tun da wuri. Matar ta ce za ta shawarci maigidanta, jibi in Allah ya kai mu zan je in same shi da kaina.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku, malamin fizik daga Tawa.